Maganin Taɓin Hankali da Lantarki: Jawabi ga 'Yan Ƙungiya a Maitumbi

 



Maganar da zan yi yau a kan taɓin hankali ce, cutar da muke ɓoyewa a ƙuryar ɗaki don gudun abin faɗa. Da yawanmu in likita ya ce za a yi wa mara lafiya magani da lantarki, sai hankali ya tashi, a ce ai jona shi za a yi da wutar NEPA. Sai a kwashe shi a komo gida, wani ma a sa masa mari.

To jama'a, ga yadda abin yake. Likitoci biyu ne, Cerletti da Bini, suka fara wannan magani a birnin Rum ta Italiya a shekarar 1938. A da ana yi mutum na farke, shi ya jawo masa baƙin jini. Yanzu kuwa allurar barci ake fara yi, da wata mai sakin jiki, sannan a ɗora 'yan faifai a gefen kai, a saki wuta 'yar kaɗan ta 'yan daƙiƙoƙi. Ƙwaƙwalwa sai ta yi 'yar farfaɗiya wadda galibi ba ta wuce minti guda. Akan maimaita sau 6 zuwa 12, sau biyu ko uku a mako.

Ba kowa ake yi wa ba. Sai wanda baƙin ciki ya danne har ya daina ci da sha, ko ya sandare ba magana, ko yake neman halaka kansa, ko mai jego da hankalinta ya gushe, musamman in ƙwayoyi sun kasa. Yana da illa kam: ciwon kai da mantuwa. Yawanci mantuwar kan wuce, amma wasu abubuwan ba sa dawowa.

Mu 'yan kasuwa ba mu sayen kaya a buhu ba mu kwance ba. In ka kai naka asibitin ƙwaƙwalwa, kamar na Barnawa a Kaduna, aka kawo maganar lantarki, ka tambaya: za a yi allurar barci? Sau nawa za a yi? An nemi yardar mara lafiyan ko ta waliyyinsa?

Mu tuna abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa a 2019, mutane ɗaruruwa a tsare, wasu cikin mari. A 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kare haƙƙin masu taɓin hankali, ta maye gurbin ta 1958.

Addu'a da ruƙiyya mu riƙe su, asibiti ma mu je, domin neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Ƙungiya kuma ta duba yadda za ta taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗin mota.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin. Wassalamu alaikum.