Kaka Ta Shigo, Mu Kula Da Injinanmu

 

Gero da dawa sun iso gida. Yanzu ne injin niƙa ba ya hutawa, yanzu ne kuma kayanmu suka fi lalacewa. Da yawanmu da adashi ko rancen ƙungiya muka saye su. In inji ya tsaya ana jiran kayan gyara daga Tambuwal ko Sakkwato, da me za a biya bashi?

Na farko, ɓera. Hatsi yake bi har ɗaki, ya ƙare da cin waya. Ni nan bara ya cinye mini wayar firji, kwana 9 ban sayar da zoɓo ba. Kar a jingina buhu kusa da firji ko janareta.

Na biyu, danshi. Hatsin da bai bushe ba yana toshe inji. A mayar wa mai shi ta ƙara shanyawa, ko da 'yar'uwa ce.

Na uku, ƙura. Daga Nuwamba iskar hunturu za ta taso. A ɗiga wa keken ɗinki mai, a rufe shi da zane. A goge gilashin sola da sassafe. A zare firji daga wuta, a kakkaɓe bayansa.

In an ɗauke wuta, a kashe firji. In ta dawo, a jira minti 5 tukuna.

Rigakafi ya fi magani. Allah Ya sa wa sana'armu albarka.