Baƙin tabo a tafin ƙafa: jawabin da aka yi a taron shugabannin unguwanni, Minawao

Mu ba likitoci ba ne, tafinta muke yi wa ofishin kariya. Amma da yake mu ne ke tsayawa tsakanin majinyaci da likita, mun sha jin kalmar da ba ma son fassarawa, wato "an makara". Shi ya sa muka roƙi wannan ɗan lokaci.

Akwai wani ciwon daji na fata da likitoci ke kira melanoma. Da yawanmu mun ɗauka ciwon Turawa ne, na masu kwanciya a rana. A wurin baƙar fata ya fi fitowa inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, diddige, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Yakan fara kamar tabon Allah, ba zafi, ba ƙaiƙayi. Sai ya riƙa faɗi, gefensa ya karkace, launinsa ya gauraya, daga baya ya fashe ya ƙi warkewa. Mutum ya ce ƙaya ce ya taka a gona, ko faso ne. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a ƙarƙashin farcen yatsan ƙafarsa aka gano nasa a 1977, kuma shi ya yi ajalinsa a 1981 yana da shekara 36.

Babban maganinsa tiyata ne. Idan an zo da wuri, likita zai yanke tabon tare da lafiyayyar fata ta kewayensa, kamar santimita 1 zuwa 2, gwargwadon zurfinsa, kuma da yawa sukan warke sarai. Naman da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji, kamar na Centre Pasteur da ke Yawunde, a tabbatar da abin da yake. Sakamako yakan ɗauki lokaci, a yi haƙuri, amma a koma a karɓa.

Mun san abin da ke hana mutane zuwa: tsoron a yanke ƙafa. Gaskiya ne, idan a ƙarƙashin farce yake, wani lokaci sai an cire gaɓar yatsan. Amma mai yatsa tara yana noma, yana zuwa kasuwa. Jinkiri shi ke ba ciwon damar hawa zuwa kaluluwar matsematsi, daga nan huhu ko hanta. Idan ya kai can aiki ya yi nauyi. Za a iya cire kaluluwar. Gashi da na'ura yana rage raɗaɗi, amma sai an je Kudu, irin Babban Asibitin Duwala. Akwai sababbin allurai masu tayar da garkuwar jiki, kamar pembrolizumab, suna taimako ƙwarai, sai dai tsadarsu ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Ko an makara, maganin zafi haƙƙin majinyaci ne, ku nema.

Iyayenmu, don Allah kada a kai wa wanzami ya yi tsaga ko sakiya, kada a kankare da reza. Saman tabon kawai ake cirewa, saiwar tana ciki, kuma an ɓata wa likita abin da zai duba.

A fara da cibiyar lafiya ta sansani. Su ne za su rubuta takardar turawa zuwa Mokolo ko Marwa, in ta kama har Garuwa. Kada kowa ya kama hanya da kansa ba takarda. A riƙe katin gudun hijira saboda shingayen hanya, in ya ɓace ko ya ƙare a zo ofishin kariya tukuna. Mace da ke jin nauyin nuna jikinta ta ce tana son ma'aikaciya mace, kuma abin da muka fassara a ɗakin likita a can yake tsayawa.

Yau da yamma, in an wanke ƙafa, a duba tafin da tsakanin yatsu. Tsofaffin da ido ya yi rauni, jikoki su duba musu.