Haƙƙin Yara Kurame a Masallatanmu da Zawiyoyinmu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa muridan Shehu Abdulƙadir Jilani, Allah Ya ƙara masa yarda, a wannan Maukibi mai albarka akwai 'ya'yanmu da kunnensu bai taɓa jin kiran salla ba. Suna ganin tutoci, suna jin bugun bandiri a ƙirjinsu, amma ba a sanar da su Wanda ake ambato ba. Wannan nauyi yana wuyanmu.

Ku sani, ishara tana da asali a addini. A cikin Suratu Ali Imrana, ishara ce aka bar wa Annabi Zakariyya har kwana 3, kuma a cikin Suratu Maryam da ishara Nana Maryamu ta amsa wa mutanenta. Malamanmu na Malikiyya sun inganta ciniki da auren wanda ba ya iya furuci idan an fahimci ishararsa, kuma niyya ta isar masa wajen kabbarar harama. To, wanda sallarsa ta inganta, ina dalilin barinsa bai san ta ba?

A ƙasar Hausa kurame suna da harshensu, Maganar Hannu, mai ƙa'idojinta, har wata masaniya Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta wallafa littafi a kanta a 2000. Makarantu irin ta Tudun Maliki a Kano kuwa suna amfani da ishara mai tushe daga Amurka. Saboda haka malami ya fara sanin wadda yaro ya saba da ita.

Ladubban su ne: mu ɗauki ishara daga manyan kurame, domin su ne ma'abotanta. A zaunar da yaro inda haske yake bayyana fuskar malami da hannayensa. A nuna masa alwala da ruwa, gaɓa bayan gaɓa. A taɓa kafaɗarsa a hankali, kada a jefe shi da tsakuwa, kada a mayar da lalurarsa sunansa. A bayyana masa huɗuba bayan an idar da salla. A koya wa yara masu ji su ma, tare da hana su kwaikwayon izgili.

Muna roƙon kowane muƙaddami ya ware almajiri ɗaya da zai koyi Maganar Hannu kafin Maukibi mai zuwa.

Allah Ya sa mu sauke wannan amana, Ya maimaita mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.