Kafin Mu Sayi Mutum-Mutumin Ɗinki Na Hannu

Jawabin da aka yi wa mata masu ɗinki a gida a taron horaswa

An ce mu yi magana yau a kan wani kayan aiki da kuka sha gani a shagunan teloli na birni, wato mutum-mutumin da ake sa wa riga a gwada ɗinki, mai sassan da ake buɗewa ko a tsuke su daidai da jikin mai kaya. Sabo yana da tsada, shi ya sa yawancinmu na hannu muke nema.

Bari mu fara da kuskurenmu. Da ƙungiyarmu ta tashi saye, mun ɗauki kuɗin adashi na watanni muka ba wani mai zuwa birni, muka ce ya samo mana. Ya dawo da abu mai kyan gani, sumul, har da fenti. Ashe irin wanda ake kafawa a ƙofar kanti ne don tallar riga. Jikinsa tauri ne, fil ba ya shiga, ba ya buɗewa, ƙugunsa kuwa babu macen ƙauyenmu da ke da irinsa. Kuɗin ya tafi, aikin bai yiwu ba. Laifin namu ne, domin ba mu faɗa masa abin da zai duba ba. Ba ma so wannan ya same ku.

Yadda yake

Na ɗinki ba shi da kai, ba shi da hannu. Gangar jiki ce daga wuya zuwa ƙasan kwankwaso, a kan sandar ƙarfe mai ƙafafu. Da roba mai tauri ake yin sa, sassa-sassa, a rufe da siririn soso da ƙyalle. A tsakanin sassan akwai ƙananan abubuwan murɗawa, sau da yawa sukan kai 12, a ƙirji da ƙugu da kwankwaso, gaba da baya da gefe biyu. In an murɗa, sassan su buɗe, jikin ya ƙara girma. A jikinsu akwai lambobin awo, na inci ko na santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne, sai a lura da wanda aka rubuta.

Muna bukatarsa kuwa?

Wannan ita ce tambayar farko. In aikinmu buba da zani ne, da kayan makarantar yara, tef ɗin awo da alli sun ishe mu. Gara kuɗin ya tafi wajen gyaran keke, ko almakashi mai kyau, ko dutsen guga. Mutum-mutumi yana biyan kuɗinsa ne wurin mai ɗinka kaya masu bin jiki, kamar siket da bulawus, doguwar riga da kayan amarya. Yana taimakon wadda take ɗinka wa kanta, domin ba wanda yake ganin bayansa. Yana kuma taimakon wadda masu kawo mata ɗinki suke nesa, ba za su iya barin gona su zo gwaji sau biyu ba. Kun san yadda watan Disamba yake. Atamfa ɗaya ta mutane da aka yanka ba daidai ba tana iya cinye ribar wata guda, ta kuma tafi da sunan tela.

Awo kafin kasuwa

Ana yin su girma-girma. A wasu, ƙarami yana kamawa daga ƙirji inci 33 zuwa wajen 40, matsakaici kuma daga wajen 39 zuwa wajen 46. Saboda haka mu buɗe littafin awonmu, mu duba inda yawancin masu kawo mana ɗinki suka faɗa. Mu rubuta ƙirji, ƙugu, kwankwaso, da tsawon baya daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. In awon ya faɗa tsakanin girma biyu, a ɗauki ƙaramin. Ƙarami ana iya yi masa ciko, babba kuwa ba yadda za a rage shi.

Abin da za a duba

Inda za a fi tambaya shi ne wurin telolin da suke sauya kayan aiki ko suke rufe shago, da manyan kasuwanni irin Katako a Jos da Kasuwar Barci a Kaduna. Ku je ku biyu, ɗaya ta kasance ta iya ɗinki. Ku riƙe tef da 'yan fil da wata riga da kuka san awonta.

1. Ku murɗa kowane abin murɗawa ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe ya kuma rufe. Haƙoran da ke ciki galibi na roba ne, in sun cinye sai abin ya riƙa juyawa a banza. Samun wani a nan yana da wuya.
2. Ku buɗe shi, ku kama da hannu biyu ku ɗan matsa. In ya koma da kansa, ba zai riƙe awo ba.
3. Kada ku dogara ga lambobin jikinsa. Ku sa shi a kan 38, ku zagaya da tef ku gani ko 38 ne.
4. Ku leƙa ciki ta ƙasa ku nemi tsagewa. Robar da ta sha rana takan bushe ta fashe.
5. Ku shafa ƙyallen. In soson da ke ƙasa yana zuba kamar gari, ya mutu. Ku sansana kuma, domin fumfuna tana kama kayan mutane.
6. Ku soka fil a kwance. Soson siriri ne, fil ba ya shiga a tsaye, amma a kwance ya kamata ya zauna.
7. Ku ƙirga ƙafafu, ku duba tsatsa a sandar, ku ɗaure notin tsawo ku ga ko jikin yana zamewa ƙasa. Ku tsaya nesa kaɗan ku duba kafaɗu, kada ɗaya ta fi ɗaya tsawo.

Tabo a ƙyalle, ƙafar da ta ɓace, ko tsatsa kaɗan ba za su hana saye ba. Mai walda ko kafinta zai yi ƙafa, mu kuma za mu ɗinka masa riga. Dalilin neman ragi ne kawai. Amma abin murɗawa da ya mutu a ƙirji ko a ƙugu, ko jiki mai tsagewa, ku bar shi ko da an karya kuɗin. Ku tambayi kuɗin sabo tukuna, don ku san ko na hannun ya yi araha da gaske, ku kuma haɗa da kuɗin mota.

In an kawo shi gida

Ku riƙa murɗawa kaɗan-kaɗan kuna zagayawa, kada a buɗe gefe ɗaya gaba ɗaya a bar sauran. Ku sani kuma awo ɗaya ba siffa ɗaya ba ne. Mata biyu suna iya zama da kwankwaso 42, ɗaya nata a baya, ɗaya a gefe. Saboda haka a tsayar da shi ƙasa da awon kaɗan, a sa masa rigar mama a cika ta da auduga, a ƙara soso ko tsumma a ciki da baya inda ake bukata, sa'an nan a rufe da matsattsiyar singileti. Wannan yana toshe ramukan da ke buɗewa tsakanin sassa, ya kuma ba fil wurin kamawa. Bayan haka a sake aunawa.

Kada a yi guga a jikinsa. A ajiye shi a inuwa, a rufe shi da tsohon zani saboda ƙurar hunturu, a kuma tsuke shi in ba a aiki. A hana yara wasa da shi. Gwaji na ƙarshe kuwa a jikin mai kaya ake yi, domin mutum-mutumi ba ya zama, ba ya ɗaga hannu, ba ya cewa nan ya matse ni.

Ba dole kowace mace ta mallaki nata ba. Ɗaya yana iya isar ƙungiya, in an zaɓi wadda za ta ajiye shi, an rubuta mai ɗauka da ranar dawowa, an kuma sa ɗan abin da za a riƙa bayarwa don gyara.

Tambayoyi don tattaunawa

Wane irin ɗinki aka fi kawo mana, mai bin jiki ko sakakke? Sau nawa muka warware ɗinki bara saboda bai zauna ba? In mun saya tare, a gidan wa zai zauna, kuma wa zai biya in ya lalace?

Mun zo da namu na biyu, wanda muka duba da hannunmu kafin mu biya. Kowa ta matso ta murɗa, ta auna, ta soka fil. Allah ya sa albarka a aikin hannuwanku, ya kai kowa gida lafiya.