Jawabi Kan Koren Shayi da Sankarar Furostet



Maganarmu ta yau a kan koren shayi ce, wato ganyen nan na ƙasar Sin da muke dafa ataya da shi, da alaƙarsa da sankarar furostet. Ita furostet 'yar tsoka ce kamar girman goro a ƙarƙashin mafitsarar namiji, ta kewaye hanyar fitsari. Sankararta ta fi kama wanda ya haura shekara 50, kuma ta fi yawa ga baƙar fata.

To, ina ruwan shayi a ciki? A jikinmu akwai ƙwayoyin gado, kowace da aikinta. Ɗaya daga ciki, mai suna GSTP1, kamar mai gadi take, tana kawar da guba. A jikin galibin masu wannan sankara mai gadin yana nan lafiya lau, sai dai an kulle shi a ɗaki an sa kwaɗo. Wato ƙwayar ba ta lalace ba, aiki kawai aka hana ta. Wannan kullewa da buɗewa shi masana ke kira efijenetik.

A 2003, masana a Jami'ar Rutgers ta Amurka suka nuna cewa sinadarin EGCG na koren shayi yana tare abin da ke sa kwaɗon nan. A 2010 kuma wasu suka ga GSTP1 ta koma bakin aiki bayan sun zuba sinadaran shayin a kan ƙwayoyin sankarar furostet. Amma fa duk a ɗakin gwaji ne, ba a jikin mutum ba.

Da aka zo kan mutane, sai magana ta rabu biyu. A Italiya, a 2006, an gwada maza 60 masu alamun share fagen cutar har shekara guda. Cikin 30 da aka ba sinadarin, mutum 1 ya kamu. Cikin 30 da ba a ba su ba, 9 suka kamu. Amma a 2015 aka yi irin gwajin a Amurka da maza 97, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba.

Saboda haka, jama'a, mu sha shayinmu, mu rage sukari, amma kada wani mai talla ya ce mana magani ne. Mu kiyayi ƙwayoyin shayi na kwalba. A 2018 hukumar kula da abinci ta Turai ta yi gargaɗin cewa miligiram 800 na EGCG a rana yana iya taɓa hanta.

Wanda ya kai shekara 45, ko aka taɓa yin cutar a gidansu, ya tuntuɓi likita kan gwajin jini na PSA, domin da fari ba ta nuna alama. Mai tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ko mai ganin jini, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti. Iyayenmu mata, ku taya mu tunatar da masu gida.

Allah ya ƙara mana lafiya.