Idon Na'ura a Masana'antar Shinkafa

Jawabi ga manoma da masu injinan casa a Lafia, Jihar Nasarawa



Kowa ya san abin da kan sa uwargida ta tsallake shinkafarmu ta gida ta sayi ta ƙasashen waje, ko da ta fi tsada. Tsakuwa da baƙar ƙwaya su ne ke korar masu saye, domin ba mai son ya ɓata rabin yini yana tsinta a faifai. Yau kuwa akwai na'urar da ke yin wannan tsinta da ido irin nata, kuma a kanta zan yi muku bayani.

Na'urar ba sabuwa ba ce a duniya. Tun shekarar 1947 aka kafa kamfanin Sortex a London domin ƙera irinta. Ga yadda take aiki. Bayan an cashe shinkafa, injin fitar da tsakuwa ya yi nasa, sai a zubo ta ta kan wasu kwararo masu gangara. Sa'ad da ƙwayoyin ke faɗowa, fitilu masu ƙarfi na haska su, kyamarori kuma na duban kowace ɗaya. Kwamfuta ce ke gwada launin ƙwaya da launin da aka ƙayyade mata. Idan ta ga baƙa, ko ja, ko wadda ta ƙone, nan take sai wani ɗan bututu ya feso iska ya ture ta gefe, masu kyau su wuce zuwa buhu. Dubban ƙwayoyi take dubawa cikin daƙiƙa guda, ba ta gajiya, ba ta gyangyaɗi. Muddin akwai lantarki tsayayye, ana kuma share ƙurar gilashinta, aikinta ba ya canzawa.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Jiharmu ta yi suna wajen noman shinkafa da riɗi. A 2014 aka buɗe babbar masana'antar shinkafa ta kamfanin Olam a Rukubi, cikin Ƙaramar Hukumar Doma, kuma a irin waɗannan manyan masana'antu ne aka fi samun na'urar. Riɗin Nijeriya kuwa har Japan da Sin da Turkiyya ake kai shi, inda ba a karɓar kaya mai datti.

To, amma akwai abubuwa biyu da ya wajaba mu riƙe. Na farko, na'urar ba ta gyara ƙwayar da ta lalace, fitar da ita kawai take yi. Duk abin da ta ture gefe, hasara ce daga mudun mai kaya. Wanda ya shanya shinkafa a gefen titi, ko ya bar ta ta ƙone wajen gumi, shi zai ga buhunsa ya ragu.

Na biyu, akwai abin da idonta ba ya gani, watau dafin maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan irin wannan magani a cikinsa, alhali ga ido waken ba shi da aibu.

Saboda haka gyara daga gona yake farawa. A yi girbi a kan kari, a shanya a kan tampol ko daɓe mai tsabta, a kula da wuta lokacin gumi, kada kuma a zuba magani sai da shawarar malamin gona. Masu ƙananan injina su haɗa kai cikin ƙungiya, domin na'urar ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.