Lemar Ruwa: Yadda Take Rayuwa Daga Shekara Zuwa Shekara

Jawabinmu na yau a kan wata halitta ce ta teku wadda Turawa ke kira jelifish. Mu kuwa za mu kira ta lemar ruwa, domin siffarta kamar buɗaɗɗiyar lema ce mai zare-zare a ƙarƙashi. Ba ta da ƙashi, ba zuciya, ba ƙwaƙwalwa, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na jikinta ruwa ne. Amma fa zaren nan nata yana da harbi mai raɗaɗi.

Za mu ɗauki misali daga mashigin Chesapeake na ƙasar Amurka, inda kogin Susquehanna da waɗansu koguna ke zuba cikin teku, ruwan daɗi ya gauraya da na gishiri. A can lemar ruwa takan cika wuri daga Yuli zuwa Satumba, sa'an nan a neme ta a rasa. To, ina take zuwa?

Kafin sanyi ya kashe manya, sun riga sun zuba ƙwai. Ƙwan yakan zama ɗan mitsitsin tsutsa, ya yi iyo har ya sami abu mai tauri ya manne, galibi ɓawon kawa, watau dangin ƙumba. Nan yakan zama kamar ɗan tsiro, ya ƙudundune, ya yi lamo duk tsawon hunturu. Idan ruwa ya yi ɗumi wajen Mayu ko Yuni, zafinsa ya kai misalin digiri 17 a ma'aunin Salshiyas, sai tsiron ya rarrabu kamar faya-fayan da aka jera. Kowane faifai ya ɓalle, ya kama iyo, cikin 'yan makonni ya zama cikakkiyar lema.

Bayan zafi, gishiri ma yana da nasa hukunci. Wannan iri ya fi son ruwa mai matsakaicin gishiri. A watan Yuni na 1972, guguwar Agnes ta kawo ambaliya, gishirin mashigin ya ragu ƙwarai, lemar ruwa ta yi ƙaranci a shekarar.

Kada wani ya ce an huta da masifa. Lemar ruwa ce ke cinye wata halitta mai kama da ita, marar harbi, wadda ke lamushe 'ya'yan kawa da ƙwan kifi. Kawa ta ba lema masauki, lema ta tsare wa kawa zuriya. Yawan kamu da cututtuka sun rage kawar Chesapeake, masaukin lema ya ragu tare da ita.

Saboda haka, jama'a, mashigin ruwa amana ne. Wanda ya kwashe abin da ke ƙarƙashinsa, masunci ne zai ji a komarsa. Wassalam.